Tulunan da Kawu Ya Bari

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, a zaune bisa tabarmarsa ta ƙofar shago, bayan ya sha shayi ya ce wa maƙwabcinsa yana jin ƙirjinsa da ɗan nauyi. Mu na Allah ne, kuma gare shi Kawu ya riga mu komawa. Kafin azahar labari ya zaga unguwa, bayan la'asar an kai shi makwancinsa a nan Tamanrasset, garin da ya zo da niyyar ya ɗan taɓa aiki ya koma gida, ya ƙare da yin rabin rayuwarsa a ciki.

Ni ina cikin gida wajen mata, riƙe da hannun matarsa, wadda dukkanmu muke kira Inna, idona a bushe don ita ta fi ni buƙatar kuka. Saboda haka abin da na gani na zaman makokin maza bai wuce takalman da aka zube a gefen tabarmi ba, duk lokacin da na leƙa miƙa ruwa. Takalman ma sun ishe ni labari. Ga na 'yan kasuwarmu na Damagaram da Maradi, an goge su suna ƙyalli. Ga silifas ɗin samarin da ke aikin gini, siminti ya bushe a kansu. Ga na Larabawa masu shaguna, ga kuma takalman fata masu faɗi na mutanen ƙauyuka. Ban san Kawu ya shiga gidaje da yawa haka ba, ko da yake ya kamata in sani, tunda da wuya gida ya rasa firigo a garin nan, kuma babu firigon da ba ya ciwo.

Kowa da abin da ya zo da shi a baki. Wani Balarabe mahauci ya tsaya daga bakin ƙofa ya yi wa Inna gaisuwa, ya ce da 'yar Hausarsa: "Hajiya, yanzu wa zai saurari firigona?" Mata suka ɗauka rashin iya magana ne, ni kuwa na san abin da yake nufi. Wani saurayi ɗan ƙasarmu ya koma gefe yana kuka wiwi, da aka tambaye shi ya ce shi bai taɓa kawo gyara ba, jakarsa ce kawai ke wurin tsoho. Wata maƙwabciya ta yi ta maimaita cewa bai taɓa wuce ta bai gaishe ta ba. Sai kuma wata, can ƙuryar ɗaki, ta rage murya ta ce wa ta kusa da ita: "Allah sarki mai tuluna. Ko wa zai gaji tulunan?" Suka danne dariya da bakin mayafi.

Na ji su, kuma abin ya yi mini zafi. Ni na sha yi masa wannan tsiyar a gaban idonsa, amma ni ina da damar, su ba su da ita. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don ba na so abin da zai rage na yayan mahaifiyata a bakin mutane ya zama abin dariya kawai. Ni 'yar ƙanwarsa ce, aure ya kawo ni garin nan, ina sayar da ƙanƙara da bisap, wato zoɓo, da lamurje mai sanyi. Duk wanda ya san ni ya san ba a yi mini shaidar haƙuri, Kawu kuwa ya fi kowa sani.

Gyaran firigo ne sana'arsa, da na'urar sanyaya ɗaki da muke kira kilim. In aka kawo masa gyara ba ya fara taɓa ƙarfe. Sai ya sa a jona wuta, ya ɗaga hannu kowa ya yi shiru, ya manna kunnensa a jikin firigon ya lumshe ido. Mai firigo na tsaye yana ƙagare ya ba da labarin yadda abin ya fara, Kawu ya ce: "Dakata, bari shi gaya mini da bakinshi. Kai ba ka cikinshi." Abin da mahauci ke nufi ke nan. Shi kuwa mai gyaran, a gidansa ruwan randa yake sha, ya ce na firigo yana sa masa ciwon haƙori. Inna ta yi shekaru tana masa gorin cewa ya sanyaya gari ya bar matarsa da randa.

Abin da ya raba shi da sauran masu gyara shi ne gas. Kowane firigo da gas ɗin sanyi a cikin bututunsa, shi ke zagayawa yana kawo sanyin. Yawancin masu gyara in za su buɗe inji, sai su datse bututun, gas ya fita da ƙara, tsss, su jira ya ƙare su ci gaba da aiki. Kawu ba ya jure wannan ƙarar. Mun taɓa tafiya tare a kasuwa ya ji ta daga wani shago, ya tsaya cak ya runtse ido kamar an taka masa ƙafa. Bai shiga ya yi faɗa ba, ya dai tsaya a ƙofar har ƙarar ta mutu, ya yi sallama ya wuce. Daga baya wasu masu gyaran, in za su datse bututu, sai sun fara leƙa titi sun ga ko yana tafe.

Shi wani ɗan inji ya haɗa da hannunsa daga tsohon injin firigo, ya sa masa robobi, yana zuƙe gas ɗin ya tura shi cikin tukunyar ƙarfe. In mai tsabta ne, da ya gama gyara sai ya mayar da shi inda ya ciro. In kuwa ya ƙone, ko firigon ya mutu murus, ko irin na da ne wanda aka hana, sai ya zauna a tukunyar. Tukwanen nan su yake kira tuluna, kowane iri da nasa tulun da alamar fenti a wuya, ba ya gauraya su. Aikin da wani zai gama kafin shayi ya huce, Kawu sai ya ci wuni a kai. Mutane su yi ta mita, gobe kuma su dawo.

Kuma ba ya barin mai firigo ya tafi sai ya nuna masa tulun. Ya ɗora hannu a kai ya ce: "Ka gani, naka na nan ciki. Ban saya ba, ba ka ba ni ba. Ajiya ce, har ranar da masu karɓa za su zo." Mutane su ce "To, Baba," su yi murmushi su ɗauki firigonsu. Wa zai dawo neman gas ɗin da ya ƙone? Su wa ne ma masu karɓar? Shi dai ya ce an faɗa musu akwai inda ake kai irin wannan gas a kashe shi ba tare da ya hau sama ba, kuma wata rana za a zo har nan. Shekaru suka yi ta wucewa ba wanda ya zo, tuluna suka yi ta ƙaruwa a ɗakin bayan shago.

Kowace safiya, kafin ya buɗe ƙofar gaba, sai ya shiga ɗakin nan da wani kofin roba da tsohon burushin aski. Ya kaɗa sabulu ya yi kumfa, ya bi tulunan ɗaya bayan ɗaya yana shafa wa bakinsu, ya duƙa yana kallo. In kumfar ta kwanta lafiya, ya wuce. In ta fara kumbura tana fashewa, alamar gas na tsiyaya ke nan, sai ya ɗauko kile, ƙarfen da yake ɗaure noti da shi, ya ɗaure bakin a hankali, ya bubbuga tulun da tafin hannu ya ce: "Zauna. Ba inda za ka." Inna takan ce ita ba ta taɓa samun irin wannan lallashin ba.

Sau ɗaya na tambaye shi dalili da gaske, ba da tsiya ba. Ya ce tun yana Damagaram aka taɓa tara masu gyara aka yi musu horo. A can ya ji cewa akwai wata rumfa da Allah ya kafa can sama, ba a ganinta, masu ilimi na ce mata ozon, ita ke tace mugun kaifin rana kafin ya iso kanmu. Gas ɗin firigo irin na da, in ya hau, shi ke cin rumfar. Wanda aka kawo bayansa ba ya cin rumfa, amma yana riƙe zafi a duniya. Shi ya sa ƙasashe suka yi shawarar a janye su sannu a hankali a koma wani iri. Kawu ya ce duk wannan ya ji ya ajiye, abu ɗaya ne ya shige shi: mai koyarwar ya ce kaifin ranar nan, in ya yi yawa, yana kawo yanar ido.

Kakata, mahaifiyarsu, yanar ido ce ta rufe mata gani. Shekarunta na ƙarshe da hannu take gane 'ya'yanta. Kawu ya ce: "Ban ce gas ne ya makanta ta ba, ɗiyata. Ita ko firigo ba ta taɓa mallaka ba. Amma na ga yadda uwa ke laluben huskar ɗanta. In akwai abin da ke ƙara wannan a duniya, ba da hannuna za a ƙara ba." Daga nan ya ce in matsa, na tare masa haske.

Ɗakin bayan nan ba tuluna kaɗai ke ciki ba, rabinsa kayan mutane ne. Samarinmu da ke zuwa neman aiki ba su da ɗakin kansu, wasu a wurin ginin suke kwana, wasu su wuce arewa ba su san ranar dawowa ba. Dole a sami dattijon da za a bar wa jaka, a unguwarmu kuwa Kawu ne. Jakunkuna, barguna, keken ɗinki, har da tukwanen girki da wani ya saya wa mahaifiyarsa yana jiran ranar komawa. Kawu ba ya rubuta komai, ba ya buɗe komai, kuma bai taɓa ba wani kayan wani ba. Mutum ya yi shekaru ya dawo ya rame ya canza, Kawu ya dube shi ya ce: "Shuɗiyar nan ce mai ɗinkakken hannu," ya shiga ya ɗauko. A wurinsa jaka da tulu duk ɗaya ne, abu ne da aka ba shi ya riƙe.

Babbar rigimarmu a kan firigona ce. Ina da wani tsoho babba, na kwance, mai yin ƙanƙara, da shi na fara sana'a. Ana saura kwanaki kaɗan azumi, lokacin da mai ƙanƙara ke sarauta a garin nan, ya daina sanyi. Kawu ya zo ya manna kunne, ya zagaya, ya ce hujin yana can cikin bangon firigon inda hannu ba ya kai. Na ce to a cika masa gas ya kai ni bayan salla. Na ma san wanda ke sayar da irin na da a ɓoye, ƙananan gwangwanaye a ƙarƙashin tebur.

"Ba ni cikawa," in ji shi.

"Don mi, Kawu?"

"Don abin da na zuba yau, kahin a yi nisa yana sama. In sake zubawa, shi sake tahiya."

"To shi tahi mana! Sama ta cika ne? Duk garin nan ana saki, nawa ne zai huda rumhwar?"

"Ban san na wa zai huda ba. Na san dai ba ni zan zuba ba."

"Ni ɗiyar ƙanwarka ce hwa."

"Shi ya sa na gaya miki gaskiya."

Na faɗa masa maganganu ranar. Na ce ya fi son tulunansa a kan jininsa, na ce 'ya'yana ba rumfar sama za su ci ba. Ya ci gaba da naɗe robarsa, wannan kuwa ya fi komai ƙona mini rai. Na aika wa wasu masu gyara, duk wanda ya zo ya ji Kawu ya riga ya duba ya ƙi, sai ya tuna yana da wani aiki. Azumi ya kama, ina zaune ina kallon masu sayen ƙanƙarata suna wucewa da kulolinsu zuwa gidan wata. Na daina zuwa gaishe shi. Inna ta aiko, na ce a ce mata ba ni da lafiya.

Azumi ya kusa rabi sai ga shi a bayan wata motar ɗaukar kaya, ya rungume wani firigo kada ya faɗi. Ashe tun ranar yake harhaɗa shi, gangar jiki daga wani, murfi daga wani, inji kuma irin na sabon gas. Launinsa ma bai zo ɗaya ba, uku ne. Ya ja mini kunne cewa sabon gas ɗin nan yana kama wuta, kada in kuskura in sa wuƙa wajen ɓamɓarar ƙanƙara, kada kuma a kawo murhun gawayi kusa. Sannan ya jona injinsa a jikin tsohon, ya zuƙe ɗan abin da ya rage a ciki, ya ɗora hannu kan tulun ya ce: "Naki na nan, ɗiyata. Ajiya ce."

Na ce: "Ka dahwa ka ci."

Ya yi dariya har sai da ya nemi wuri ya zauna. Firigon nan mai launi uku shi ke aiki a ɗakina har yau. Amma ban ce ya kyauta ba, kuma ba zan ce ba. Me zai hana ya faɗa mini yana haɗa wani, ya bar ni ina cin rai rabin azumi? Na tambaye shi daga baya, ya ce bai tabbata zai tashi ba, shi kuma ba ya alkawarin abin da bai ji da kunnensa ba. Haka yake, mutum ne mai wuyar sha'ani, kuma ina kewarsa ƙwarai.

Babban ɗansa ya iso daga Damagaram ana gobe sadakar bakwai. A can ya tashi wurin dangi saboda lekkol, wato makarantar boko, yanzu yana da iyalinsa da shagon hatsinsa. Taubashina ne, tun muna yara ba ma gaisawa sai da tsiya, amma wannan karon ya shigo ya ce "'Yar Gwaggo," na ce "Ɗan Kawu," muka kasa ƙarawa. Kwanakinsa kaɗan ne kafin ya koma. Wanda ya ba Kawu hayar shagon kuma, ko da yake ya yi kara bai matsa ba, ya nuna yana son wurinsa ƙarshen wata. Inna tana takaba, in ta gama gida za ta koma. Dole a kwashe komai.

Bayan an shafa addu'ar bakwai da safe, limamin unguwarmu ya yi sanarwa yadda aka saba: duk mai ajiya a wurin marigayi ya zo ya karɓi kayansa a gaban shaidu kafin a taɓa gado. Inna ta ba ni makullin ɗakin bayan, tunda ita ba ta fita. Na buɗe na tsaya daga gefe. Samari suka yi layi, kowa ya faɗi kamannin jakarsa kafin a ɗauko. Kayan da masu su ba sa gari, wani dattijo ɗan kasuwa ya ce a mayar gidansa. Kafin rana ta take rabin ɗakin ya zama fili, sai tuluna jere a jikin bango, da kofin roba da burushi a kan taga, sabulun ya bushe a ciki.

Taubashina ya tsaya yana kallonsu, hannu a ƙugu. Ya riga ya yi magana da masu sayen tsohon ƙarfe, sun ce suna so, amma ba sa ɗaukar tukunya da abu a ciki. Ya ce a fitar da su fili a buɗe bakinsu, kafin la'asar an gama. Ya ɗauki kile ɗin Kawu daga kan taga.

"Ajiye kile ɗin nan, ɗan Kawu," na ce. "Kai da ko marhin kwalba sai an buɗe maka."

"Ba wasa nike ba, 'yar Gwaggo."

"Ni ma yau ba wasan nike ba."

"To mi kike so in yi da su? In ɗauka a kai in ƙetare iyaka? Dowan masu binciken kaya su tambaye ni, in ce gadon ubana ne?" Ya nuna tulunan da kile ɗin. "Ina ƙarami nike jiran shi zo salla, a ce aiki ya riƙe shi. Ashe wannan ne aikin. Na zo in ga abin da ya bari, na tarar da iska cikin ƙarhe."

Gaskiyarsa ce. Kawu ya riƙe kayan kowa a kusa da shi, ɗansa kuwa daga nesa ya riƙe shi, kuma wannan ba abu ba ne da zan iya gyara masa ranar. Na dai matsa na tsaya tsakaninsa da bangon. Liman ya yi gyaran murya ya ce shi a saninsa abin da mamaci ya bari na magada ne, in sun so su sayar, in sun so su zubar.

Sai wani dattijo da ke zaune a ƙarshen layi tun ɗazu ya miƙe. Mai lambu ne daga ƙauyen Silet, rawaninsa har bisa hanci, sai jiya labarin rasuwar ya kai masa ya kamo hanya. Yarensa Tamahak ne, Hausarsa tsince-tsince ce. Na gane shi. Shekarun baya matarsa na fama da ciwon suga, allurarta sai a sanyi take zama, firigonsu ya mutu a tsakiyar zafi. Kawu ya rufe shago ya hau bayan mota zuwa Silet da kayan aikinsa da wani ƙaramin firigo da ya gyara. Ya dawo washegari da ƙullin dabino a gefe, da tulu rungume a cinya don kada hanya ta jijjiga shi.

Dattijon ya ce wa liman: "An ce mai ajiya shi zo. Ni na zo."

Liman ya ce ai jakunkuna sun ƙare, wace iri ce tasa?

"Ba jaka ba." Ya shiga ɗakin yana duba wuyan tulunan, ya ɗora hannu kan wani mai jan fenti, daidai yadda Kawu ke yi. "Nan. Ya ce nawa na ciki. Ya ce bai saya ba, ban ba shi ba. Ni ban yarda a buɗe ba."

Wani ya fara dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya mayar da ita tari. Sai mahaucin nan daga baya ya ce wallahi shi ma an gaya masa haka, ba sau ɗaya ba ma. Wani mai shagon madara ya ce shi ma. Maganar ta yi ta fitowa daga bakin mutane suna ɗan jin kunya, manyan mutane suna shaidar mallakar abin da ba su taɓa gani da ido ba. Ni ma na ce nawa na ciki, na taɓa ce wa Kawu ya dafa ya ci, ga shi bai ci ba.

Liman ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce shi bai taɓa cin karo da irin wannan ba, amma in mamaci ya faɗa da bakinsa cewa abu ajiya ne, ga kuma shaidu sun cika ɗaki, to ba gado ba ne, ba a raba shi, ba a zubar da shi sai da yardar masu shi. Ƙarfen na magada ne, abin da ke ciki na jama'a. Sai dai ajiya tana buƙatar mai riƙo. Ya ɗaga kai ya ce wa zai riƙe?

Nan fa kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Dattijon Silet ya ce shi zai iya, amma hanyar ba ta da kyau, kuma shi ma ya kusa bin abokinsa. Ni kuwa ina da ɗan ɗaki a bayan gida inda nake tara buhunan sukari da robobi, mai sanyi, rana ba ta shiga. Kawu ya taɓa leƙawa ya ce ɗaki ne mai kyau, lokacin ban gane me yake aunawa ba. Sai na ji bakina ya ce: "A kai gidana." Maigidana na cikin mutanen, ya dube ni, na dube shi, ya ce to.

Taubashina ya juya kile ɗin a hannunsa, ya miƙo mini ta wajen mariƙi. Ya ce: "Ƙarhen ma riƙe, 'yar Gwaggo, na san Inna ba ta ƙi. Dama ke kin hi kama da shi wajen taurin kai." Na ce Allah ya sawwaƙe, ni ai ina magana. Ya yi 'yar dariya, ya goge ido da hannun riga, sannan ya tuɓe babbar rigarsa ya ɗauki tulun farko da kansa. Samarin gini suka kama masa, suna tafiya a hankali, ba wanda ya ce musu su yi hakan.

Wani Balarabe mai gyara, abokin sana'ar Kawu, ya zo ya duba ɗakin, ya nuna mini yadda zan jera su a tsaye nesa da wuta. Ya ce ya ji ana tattara irin wannan gas a manyan garuruwan arewa, zai tambaya. Ban sani ba ko masu karɓar za su zo a zamanina. In sun zo, za su tarar da kayan cif. In ba su zo ba, ina da 'ya'ya, kuma dukkansu da ƙanƙarar firigo mai launi uku aka yi renonsu.

Washegari da safe na jiƙa sabulun da ya bushe a kofinsa, na kaɗa da burushin. Na ji ni wata iri, mace da girmanta tana shafa wa ƙarfe kumfa, har na tura ƙofar don kada maƙwabta su gani. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, kumfa na kwanciya lafiya, har na zo kan wani ƙarami a lungu wanda ɗaukar jiya ta girgiza. Kumfar ta kumbura, ta fashe, ta sake kumbura. Na ɗauko kile na ɗaure a hankali yadda na sha ganin yana yi, na sake shafawa, na duƙa na jira. Ta kwanta. Ban san lokacin da na bubbuga tulun da tafin hannu ba, na ji na ce: "Zauna. Ba inda za ka."

Da muryarsa maganar ta fito. Ranar rasuwar ban yi kuka ba, ina riƙe da Inna, ranar bakwai ma ban yi ba, ina riƙe da makulli. A nan na zauna a ƙasa tsakanin tulunan na yi mai isata, har sai da aka zo ana buga ƙofa, masu sayen ƙanƙara sun taru.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sanyaya masa makwanci yadda ya sanyaya wa mutane ruwansu, ya riƙe shi cikin rahamarsa yadda shi ya riƙe abin da aka ba shi. Na wanke burushin na kife kofin a kan taga, gobe da safe akwai aiki.